Littafin da Ya Dawo Fes

Ranar nan wasu daga cikinku suka zo rumfata, ku 'yan ƙungiyar karatu masu sharhin littattafai a waya. Kun cika mini benci, kun shanye mini ruwan randa, sannan wata mai farin gilashi ta dube ni ta ce, "Baba Isah, kai kam ka huta. Ka miƙa littafi, a karanta, a maido ma." Dariya kawai na yi, don bakina cike yake da goro. To tunda kun matsa in rubuto muku wani abu ku sa a shafinku, ga shi, kuma kada wanda ya yanke mini ko layi ɗaya.

Sana'ata hayar littattafan Hausa ce. Rumfata tana kasuwa a nan Gusau, amma rabin rayuwata a kan babur na yi ta, da adakar ƙarfe ɗaure a baya, ina bin Kwatarkwashi da Tsafe da 'Yandoto ta wannan gefe, Bungudu da Karakkai ta wancan. Wurin Alhaji Mande na koya, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai faɗa da yawan kyauta.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in lalata sabon littafi. Ya ciro shi daga kwali yana ƙamshin maɗaba'a, ya miƙo mini da reza ya ce in ɓamɓare 'yan ƙarafunan da aka maƙale shi da su. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Kai, ƙarhen ga tsatsa shika yi. Hannu ukku ya wuce, littahi ya watse." Daga nan ya nuna mini sauran. A daidaita takardun a kan katako, a huda su da basilla, a ɗinke da zaren masu gyaran takalmi wanda aka goga wa kakin zuma. A yanko kwali a shafa gam a yi wa bango goyon baya, a lulluɓe da leda, a buga tambarin rumfa a shafin farko da can tsakiya inda mai son zuciya ba zai lura ba. Sannan a danne shi da tsohon dutsen guga ya kwana. Dutsen gugar nan yana nan har yau, shi ne wanda ɗayanku ya ɗora wa ƙafa. A ƙasan adaka kuma ana shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro saboda gara. Na daɗe ina soke yatsa da basilla kafin ɗinkina ya samu shiga wurin Alhaji.

Wannan duk aikin hannu ne, kowa zai iya koya. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne duban littafi idan ya dawo. Alhaji Mande ba ya tambayar mai karatu ko littafi ya yi daɗi, don ya ce mutanenmu suna da kara, ko bai yi ba za su ce ba laifi. Sai mutum ya tafi, sannan Alhaji ya ɗauko littafin ya juya shi a hannu, ya sunsuna, ya buɗe gefensa yana dubawa. In ka ga tabon manja, an karanta shi ana tuya, an kasa ajiyewa. In ka ga shatin lalle, wata ta ƙi jira hannunta ya bushe. Ƙaurin hayaƙi yana nufin ya shiga madafi. Baƙin kwalli da ya jiƙe a shafi, an yi kuka a wurin. In kuwa gefen littafi ya yi baƙi daga farko zuwa tsakiya, sauran ya tsaya fari, kuma ga tsinken tsintsiya a saƙale, to a nan marubuci ya saki hannun masu karatunsa. Mafi muni a wurinmu shi ne littafin da ya fita ya daɗe, ya dawo fes. Wannan an tura shi ƙarƙashin matashi ne an manta da shi.

Ku kuna rubuta sharhi da taurari, mu namu sharhin dauɗa ce, kuma marubuta sun san da haka. A duniyar bugun littafinmu marubuci shi ne komai. Shi zai rubuta, shi zai nemo abin bugawa, shi zai kai maɗaba'a, shi zai ɗauko kwalaye ya bi rumfuna da su. Ba mai ƙarfin fitar da labari gaba ɗaya, sai a buga kashi na ɗaya a tsaya a ga yadda kasuwa ta karɓe shi. Bayan 'yan watanni sai ka ga marubuci ya zo gaisuwa, alhali ba gaisuwa ta kawo shi ba. Idonsa yana kan kanta yana neman nasa. In ka miƙo masa kwafi duk ya yi duƙun-duƙun, bango ya lanƙwashe, sai ka ga ya washe baki har kunne, ya wuce maɗaba'a da kashi na biyu. In ka miƙo masa mai tsabta, shi ke nan. Na san labarai da yawa da suka mutu a haka. Akwai wani jarumi da aka kwantar asibiti a shafin ƙarshe na kashi na ɗaya tun ina saurayi, har yau likita bai fito ya yi bayani ba.

Masu karatu kuma kowa da halinsa, kuma dole ka san su kamar yadda tela ya san awon mutanensa. Ina da wata Hajiya a Bungudu, in ka kuskura ka ba ta littafin da jarumarsa ta mutu, sai ta yi fushi da kai kamar kai ka kashe ta. Akwai wani mai gyaran keke a Tsafe da yake fara karatu daga shafin ƙarshe, wai ba ya son a wahalar da shi a banza. Akwai wani dattijo a 'Yandoto da kullum zai ce wa iyali yake karɓa, ya cusa littafin cikin aljihun 'yar ciki yana waige-waige, in ya dawo kuma ya manta ya kama gardama da ni a kan wanda ya kamata yarinyar ta zaɓa. Ban taɓa tona shi ba. Yawancin littattafanmu na soyayya ne, kuma karatunsu na ɓoye ne. Mutum ba ya karanta kalaman masoya a gaban mahaifinsa ko surukinsa. A ɗaki ake yi, ko a madafi, ko bayan rumbu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda rashin tsaro ya sa aka rufe kasuwannin ƙauye, aka taƙaita hawan babur, aka kuma yanke layin waya. Littattafaina da ke ƙauyuka suka maƙale can, ni na maƙale nan. Wata adaka da na bari ajiya a Tsafe, da hanya ta buɗe na je na ɗaga murfinta, sai na tarar gara ta gama karatunta tsaf, bangon leda kawai ta bar mini. Na zauna a ƙasa na yi salati. Abin dariyar shekarar shi ne, da waya ta mutu, irinku 'yan birni da kuka daɗe da yi mana kallon mutanen da, kuka dawo kuna layi a rumfata, har da masu tambaya ko ina da wanda ake kunnawa. Da wannan na lallaɓa na tsaya da ƙafata.

Bayan abubuwa sun ɗan lafa ne Malam Buba ya kawo mini littafinsa, kuma labarinsa nake son ba ku. Bafulatani ne daga wata ruga a bayan duwatsun Kwatarkwashi, yana koyarwa a makarantar 'ya'yan makiyaya. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, in zai miƙa maka abu da hannu biyu yake miƙawa. Sunan littafin Ɓatan Wule, kuma babu soyayya a cikinsa ko ta ƙwayar gero. Labarin wani makiyayi ne da wahala ta sa ya yi ƙaura, ya bar wa amininsa manomi amanar saniyarsa Wule, wadda uwarsa ta ba shi. Saniya ta ɓace a hannun manomi. Ya neme ta har ya gaji, ya rasa yadda zai aika da labari. Kashi na ɗaya ya ƙare daidai inda makiyayin ya dawo bayan shekaru, ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, manomi yana ciki yana jin muryarsa.

Na karanta shi a zama ɗaya, kuma ya shige ni sosai. Amma ni ba ni ne kasuwa ba. Na ɗinke kwafin da ya kawo, na buga tambari, na raba wasu a Gusau wasu a ƙauyuka.

Ranar da ya kawo littafin ba shi kaɗai ya zo ba, tare yake da wansa Alhaji Juli, wanda shi ne babba a gidansu kuma shi ke da ta cewa a kan garke. Gajere ne kakkaura, da sanda a kafaɗa, bai yi boko ba kuma bai ɓoye cewa abin bai burge shi ba. Bajimi guda aka sayar aka buga kashi na ɗaya. Na biyu yana nan a rubuce da hannu, kuma ba zai ga maɗaba'a ba sai an sake sayar da wani bajimin. Alhaji Juli ya buga sandarsa a ƙasa ya ce mini, "Malam Isah, an ce ku ka sanin wanda mutane ka karantawa. Bayan damana muna dawowa. In kac ce an karanta, in ba shi wani bajimin. In ba a karanta ba, wagga magana ta ƙare, ya tsaya ga allonai da ɗiyan makaranta."

Malam Buba ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda. Ya ƙara da cewa in haka ta faru ba zai ajiye takardun suna kallonsa ba, kuma ba zai ba mai ƙosai ba tunda akwai sunan Allah a ciki, ƙonawa zai yi.

Damina ta wuce. Na Gusau suka yi ta dawowa da wuri, wata ma ta ce mini, "Baba, ni da nic ce ka ba ni mai daɗi sai ka ba ni saniya?" Na ƙauyuka kuwa suka yi ta daɗewa, in sun dawo kuma fes, ko kusurwar shafi ba a lanƙwasa ba. Na zagaya wurin abokan sana'a na duba nasu, duk haka. Muka haɗu a kan magana ɗaya, littafi ya mutu. Da 'yan'uwan biyu suka dawo farkon kaka, na jera musu kwafin a kan kanta kamar ranar da aka kawo su. Malam Buba ya san ma'anar abin. Ya shafa bangon ɗaya da tafin hannu ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Alhaji Juli bai yi murna ba, in faɗi gaskiyarsa, amma ya ce to an gani. Na ji ba daɗi ƙwarai, har na kasa cin abincin rana.

Kwafi ɗaya ne bai dawo ba, wanda na bari a Karakkai wurin Inna Tumba. Tsohuwar ungozoma ce, ta yi karatunta a ajin yaƙi da jahilci tana da 'ya'ya manya, kuma tun daga nan ba ta bar takarda ta wuce ta ba. Ba ta taɓa riƙe mini littafi haka ba, sai na ce bari in bi sawu in gaishe ta, ko ba ta da lafiya.

Na isa bayan azahar. Tun daga nesa na hango taro a gindin wata tsamiya a bayan gidansu, an tara gyaɗa da aka tuge tuli-tuli ana tsinka. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, tsofaffi da matan aure da surukai, har da wasu mata Fulani masu tallan nono da suka sauke ƙwaryarsu suka sa hannu. Kowa hannunsa ya yi buɗu-buɗu da ƙasa. A tsakiya Inna Tumba ce zaune a kan tabarma, ita kaɗai ba ta taɓa gyaɗa. Ga buta a gefenta, ga matashi a cinyarta an shimfiɗa masa farin ƙyalle, a kansa kuma ga Ɓatan Wule a buɗe. Tana karantawa da ƙarfi, tana sauya murya, in makiyayi ne ta yi ƙasa da ita, in manomi ne ta buɗe. In za ta juya shafi sai ta goge yatsa a zane tukuna. Na kashe babur na tsaya kamar an dasa ni.

Wani tsoho mai suna Baba Ige ne ya fara ganina. Ya nuna ni da reshen gyaɗa ya ce, "Ga shi nan! Kai na mai littahin ga? Ina na biyu?"

Kafin in amsa an yi mini caa. Wannan ta ce sun gama shi sun sake, yanzu ma komawa suka yi. Wancan ya ce an kusa dambe a kan ko manomin yana da laifi. Wata ta nuna mini 'yar maraƙa ɗaure a turke ta ce sunanta Wule. Inna Tumba ta rufe littafin a hankali, ta naɗe shi a ƙyalle ta danna ƙarƙashin cinya ta ce, "Isah, ba ni ba ka shi. Kawo na biyu ka amshi na ɗaya."

Na durƙusa na gaishe ta, na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce tun shekarar da aka yanke waya mutane suka fara roƙonta ta riƙa karanta musu abu in ana aikin hannu. Amma me za ta karanta? "Littattahan ga naka dut ina son ka ina son ki na. In buɗe baki in hwaɗi wannan gaban surukaina? Wanga ko, ba inda za ka kai ka ji kunya. Kowa na iya zama." Ta ce kuma ba ita ta fara ba, wata 'yar'uwarta a wajen Bungudu haka take yi da shi, can ma ta ji labarinsa.

Nan na gane abin da ya faru da sauran kwafin ƙauyukan. Duk abin da aka koya mini a kan dauɗa, an gina shi ne a kan littafin da mutum ɗaya ke ɓoyewa ya karanta yana tuya. Wannan kuwa hannu ɗaya ke riƙe shi, wankakke, kunnuwa da yawa suna sha. Ba ni kaɗai ba, duk masu hayar Gusau mun duba mun ga fari mun yi masa ta'aziyya, alhali yana can yana cin kasuwarsa a gindin bishiya. Dariya ta kama ni har da riƙe ciki, suka tsaya suna kallona kamar na zautu. Sai kuma na tuna da maganar ƙonawa, dariyar ta tsaya. Na tambayi Inna yaushe za ta kai ƙarshe a wannan zagayen, ta ce in Allah ya yarda jibi. Na ce zan zo da baƙi, kada ta tambaye ni ko su waye.

Ban koma rumfa ba, rugar su Malam Buba na wuce kai tsaye. Na same shi yana gyaran shinge, Alhaji Juli yana gefe. Ban ko gama sallama ba na ce, "Takardun suna nan?" Ya ce suna nan cikin jaka, ya ɗauko su zai sa wuta ya kasa, ya ce sai ranar da zuciyarsa ta yi ƙarfi. Na yi hamdala na zayyana musu abin da na gani. Malam Buba ya yi murmushi irin na wanda ake lallashi. Alhaji Juli kuwa ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Shekaranjiya kac ce ya mutu, yau ka ce ya tashi. Tausai na kaka ji, Malam Isah. Ba a sai da bajimi don tausai."

Na ce, "Alhaji, kada ka yarda da bakina. Zo ka gani da idonka. In ƙarya nake, ka riƙe babur ɗina."

Ya ce shi ba ruwansa da babur, amma dama yana son ganin wani mai harawa a Karakkai, don haka zai je.

Ranar muka isa ana tsakiyar aiki. Na ce baƙina ne daga Kwatarkwashi, aka yi musu maraba, aka matsa musu wuri, aka turo musu nasu tulin gyaɗar, don a wurin ba a zama hannu sake. Alhaji Juli ya jingine sanda ya fara tsinka yana ɓata rai. Baba Ige ya tambaye shi ko ya san labarin, ya ce bai sani ba. Ai kuwa sai aka yi masa rubdugu, kowa yana son shi zai ba shi na baya. Wannan ya fara, waccan ta ce ya tsallake inda Wule ta haihu, wani ya gyara. Ina kallon Alhaji, da aka zo wurin da uwar makiyayin ta ba ɗanta saniyar, sai hannunsa ya rage sauri.

Inna Tumba ta wanke hannu, ta warware ƙyalle, ta yi bisimilla. Malam Buba yana gefena, kansa a ƙasa, kunnuwansa kawai ke aiki. Can sai na ji ya zabura. An zo inda manomi ya dawo daga neman saniya ya zauna ya yi tagumi, sai matarsa ta ce masa, a bakin Inna, "To zauna nan ka yi ta tagumi, wataƙila Wule ta ji tausai ta dawo ta yi ma sallama." Wurin ya kwashe da dariya, har masu nono suna tafawa. Malam Buba ya raɗa mini, "Ni ban rubuta wannan ba."

Ashe raɗar ta fito. Inna ta ɗago kai ta dube shi ta saman gilashinta ta ce, "Kai wa?"

Ba yadda zan yi, na ce, "Inna, shi ne ya rubuta littafin."

Nan take aka ɓarke da salati da guɗa. Baba Ige ya rarrafo ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa, duk ya shafa masa ƙasa. Inna Tumba kuwa ko gezau. Ta ce, "Madalla, dama ina neman ka. Ɗana, ka iya shanu, ka iya maza, amma matan littahinka ba su da baki. Wace mata ta za ta ga mijinta cikin wanga hali ta tsaya tana kawo ruwa tana komawa? Shi ya sa nika ƙara mata gishiri." Malam Buba ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ya ce ta yi gaskiya, kuma in ta yarda zai zo ta ara masa bakin matar. Ta ce sai ya zo da goro. Ban taɓa ganin marubuci ya ji daɗin suka irin na ranar ba.

Alhaji Juli ne ya katse su. Ya ce, "To a ci gaba mana, rana na tahiya."

Inna ta ci gaba. Manomi ya tsufa da abin a ransa. Labari ya zo cewa makiyaya suna dawowa. Tsinkar gyaɗa ta tsaya gaba ɗaya, duk da cewa kowa a wurin ya san inda za a tsaya, ban da mutum ɗaya. Makiyayi ya shigo gari, ya bi lungun da ya sani, ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama. Manomi yana ciki, ya ji muryar, ya gane ta. Inna Tumba ta rufe littafi ta fara naɗe shi.

Alhaji Juli ya ce, "Inna, juya mana."

Ta ce, "Ba sauran abin juyawa, Alhaji. Nan ya ƙare. Mu ma nan anka bar mu tun damana."

Ya juya wurin ƙanensa, reshen gyaɗa a hannu. "Buba, mi manomin yac ce?"

Malam Buba ya ce, "Shina cikin na biyu, Yaya."

"Na sani. Hwaɗa min ni ɗai, ga kunne."

Baba Ige ya ce wallahi ba a isa ba, in za a faɗa a faɗa wa kowa. Inna ta ce ita ba ta son a faɗa, a kawo mata a takarda ta karanta da kanta yadda ya kamata. Malam Buba, wanda ban taɓa jin ya musa wa wansa ko sau ɗaya ba, ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. Ka ce in ba a karanta ba maganar ta ƙare. Ban sani ba ko ta ƙare."

Alhaji Juli ya dubi taron, taron ya dube shi. Ya jefar da reshen, ya karkaɗe hannu, ya ɗauki sandarsa ya miƙe tsaye. Ya yi taku kamar zai tafi, sai ya dawo ya tsaya a kan ƙanensa.

Ya ce, "Jan bajimin ko baƙin?"

Malam Buba ya ce, "Duk wanda ka ba ni, Yaya."

"Ɗauki jan, ya hi tsoka. Ka ce musu su buga da sauri." Ya nuna matashin da ke cinyar Inna da bakin sanda. "Kuma ranar da za a buɗe shi nan, kada wanda ya soma sai na iso."